Aikin da ake yi kafin baƙon piyano ya zauna

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina neman ɗan fili a shafin wasiƙu kan irin labaran da ake kawo mana lokaci-lokaci daga Turai da Amurka, na tarukan kiɗan okestra, wato babbar ƙungiyar makaɗa, da ake yi a tsakiyar hunturu, inda ake gayyato wani gwanin piyano ya yi dare ɗaya ko biyu. Kusan kullum labarin iri ɗaya ne: ga hoton baƙon ya rusuna yana gaisuwa, ga sunansa da ƙasarsu, sai a ce jama'a sun miƙe tsaye suna tafi. Ba ƙarya aka yi ba, sai dai mai karatu kan tashi da zaton mutumin nan saukowa ya yi daga jirgi, ya zauna, yatsunsa suka yi abin da suka saba. A ganina yawancin abin da ke gyara daren ko ya ɓata shi an riga an gama da shi kafin ya taɓa maɓalli ko ɗaya, kuma sanyi yana da hannu dumu-dumu a ciki.

Mai goge yana yawo da gogensa, mai sarewa tasa na cikin jaka. Mai piyano kuwa sai abin da ya tarar. Babban piyanon dandamali, irin samfurin D na kamfanin Steinway wanda ya fi yawa a manyan zauruka, tsawonsa santimita 274 ne, nauyinsa wajen kilo 480. Ƙalilan ne suka taɓa iya ɗawainiyar yawo da nasu, irin su Vladimir Horowitz da ke tafiya da piyanonsa har da mai gyara masa shi. Sauran sai dai su iso, in zauren mai hali ne a jera musu biyu ko uku su zaɓa, in ba haka ba su rungumi wanda ke nan. A cikin akwatin akwai maɓallai 88, farare 52 da baƙaƙe 36, da tsirkiyoyin ƙarfe wajen 230, domin yawancin muryoyin sama tsirkiya uku-uku ne, na ƙasa bibbiyu, na can ƙarshe ɗai-ɗai. In aka haɗa ƙarfin jan da tsirkiyoyin nan ke yi ya kusa tan 20, kuma firam ɗin ƙarfen zubi ne ke riƙe da shi. A ƙarƙashinsu akwai allon amo, wani siririn katako da kaurinsa bai kai santimita ɗaya ba, an yi masa ɗan doro a tsakiya, shi ke tokare jakin da tsirkiyoyin suka hau. Wannan allon shi ne muryar piyano, kuma shi hunturu ke fara kamawa.

Ga yadda abin ke faruwa. Iska mai sanyin digiri sifili, ko da ta ƙoshi da laima, ruwan da ke cikinta bai kai giram 5 ba a kowace mita kubik, wato akwatin da tsawonsa da faɗinsa da tsayinsa duk mita ɗai-ɗai ne. Iska mai ɗumin digiri 21 kuwa tana iya ɗaukar fiye da giram 18. To in aka jawo waccan iskar ta waje aka ɗumama ta da hita ba tare da an ƙara mata ruwa ba, laimarta sai ta faɗo zuwa wajen kashi 26 cikin ɗari. In sanyin waje ya kai digiri 10 ƙasa da sifili, abin ya koma kashi goma sha wani abu. Piyano kuma abin da yake so shi ne kashi 40 zuwa 50, kuma ya tsaya nan, kada yau sama gobe ƙasa. Da iska ta bushe sai katakon ya tsuke, doron ya kwanta, jaki ya sassauta tokarar da yake yi, murya ta sauka. Da a ce saukar bai ɗaya take yi da sauƙi, amma tsakiyar piyanon ya fi gefe da gefe zamewa, sai ka ji hannun hagu da na dama ba su jitu ba. In fari ya daɗe, allon kan tsage, ramukan ƙusoshin da ake ɗaure tsirkiya su buɗe, ƙusa ta riƙa juyawa da kanta. Shi ya sa zauren da ya san abin da yake yi ke ajiye piyanonsa a ɗaki na musamman mai na'urar sa laima da ma'auninta a bango.

Piyanon da aka yi hayarsa daga wani gari kuma tasa matsalar daban. Ya kwana cikin mota a sanyi, ƙarfensa ya yi ƙarau. In aka shigo da shi zaure mai ɗumi aka yaye bargon nan take, sai ƙarfe da tsirkiyoyi su yi gumi, daga nan sai tsatsa. Ƙa'ida ita ce a bar shi a lulluɓe ya ɗumama a hankali, a ba shi aƙalla yini da kwana a kan dandamalin ko kusa da shi kafin a sa masa sufana. Wanda ya saita shi da isowarsa aikin banza ya yi, zuwa yamma ya zame. Ba a fafe gora ranar tafiya, amma masu shirya taro da ke son rage kuɗin hayar zaure na kwana ɗaya sukan gwada, kuma kunnen jama'a ke biya.

Mutumin da ya kamata a riƙa ambata a labarin nan shi ne mai saitin piyano. Aikinsa kashi uku ne, kuma mutane na farkon kawai suka sani. Na farko ɗaure tsirkiya: ya bi ƙusoshin nan ɗaya bayan ɗaya, aikin awa ɗaya da rabi zuwa biyu, a cikin shiru, shi ya sa ake ganinsa da sassafe kafin masu share-share da masu jera kujeru su iso. Yakan bugi kowane maɓalli da ƙarfi bayan ya ɗaure, don in tsirkiyar za ta zame ta zame a hannunsa, kada ta jira gaban jama'a. Na biyu daidaita injin ciki. Maɓalli yana nutsewa kimanin milimita 10, nauyin giram 50 ko kusa da haka ke sauke shi, kuma 'yar gudumar da ke bugun tsirkiya tana kuɓucewa daga abin da ke tura ta saura milimita ɗaya ko biyu ta isa, ta ƙarasa da kanta, ta buga, ta dawo. In wannan tazarar ta yi yawa, mai kiɗa ba zai iya yin kiɗan raɗa ba: ya danna a hankali, shiru, murya ba ta fito ba. In ta yi kaɗan, guduma ta manne a jikin tsirkiya ko ta buga sau biyu. Na uku gyaran murya. Kan gudumar ulu ne da aka danne, yau da gobe sai ya taurare, tsirkiyoyi su yi masa zane, sautin ya koma ƙarar kwano. Sai a tsattsaga shi da allura ya yi laushi, in kuma ya yi sanyi da yawa a goge shi ko a sa masa ruwan da ke taurara shi. A nan ne baƙo ke sa baki. Zai zauna ya bi maɓallan, ya ce wannan ya fi maƙwabtansa tsawa, wancan ya mutu, mai saiti yana yi wa katakon alama da alli. Wani baƙon yana son piyano mai ƙara don ya keta okestra, wani yana son mai taushi, kuma abin da aka yi wa allura ba ya dawowa da wuri, don haka mai saitin kirki ba ya biye wa kowane baƙo har ƙarshe, tunda mako mai zuwa wani ne zai zauna.

Akwai kuma batun ma'aunin murya, wanda ke jawo rigima fiye da yadda ake zato. Okestra tana daidaita kayanta da murya guda da ake kira A. Wani taro da aka yi a Landan a 1939 ya tsayar da ita a kan girgiza 440 a daƙiƙa, amma okestrori da yawa, musamman a Turai, suna hawa zuwa 442, na Jamus da Ostiriya har 443. A ranar da babu piyano, mai obo ne ke ba da muryar, wato abin busar nan mai kama da algaita. Ranar da piyano ke nan kuwa daga gare shi ake ɗauka, domin shi kaɗai ne ba ya iya lanƙwasa muryarsa ana cikin kiɗa. In piyano yana 440 makaɗa kuma suna 442, duk inda suka haɗu a kan muryar nan za a ji sautin yana rawa sau biyu a daƙiƙa, kuma ko wanda bai san kiɗa ba zai ji wani abu na tsami. Ɗaga piyano daga 440 zuwa 442 kuma ba aikin zama ɗaya ba ne, saboda kana jan tsirkiyoyin wannan gefe na wancan gefen suna sassautawa. Sai an bi shi sau biyu, an bar shi ya kwana, an sake bi. Dole ke nan a sanar da mai saiti ma'aunin okestrar tun da kwanaki.

Sauran kayan ma sanyi bai ƙyale su ba, kuma abin haushin shi ne ba hanya ɗaya suke bi ba. Kayan busa in sun yi sanyi muryarsu sauka take, in sun ɗumama ta hau, saboda sauti ya fi sauri a iska mai ɗumi. Tsirkiya kuwa zafi sassauta ta yake, muryarta ta sauka. To ka duba dandamalin da aka shigo yana da sanyi, sannan aka kunna fitilu, mutum dubu biyu suka cika zaure da numfashinsu: bayan minti 20 masu busa sun hau, piyano ya ɗan sauko. Shi ya sa za ka ga mai ƙaho ko mai kilarinet yana hura iska cikin kayansa shiru a lokacin da ba nasa ba, ko mai obo ya cusa rabin nasa a hammata. Wannan na ƙarshen ba don murya kaɗai ba ne. Ana yin obo da wani baƙin katako mai tauri na gabashin Afirka, in aka hura numfashi mai ɗumi a cikinsa alhali bayansa na da sanyi, cikin ya kumbura, bayan ya tsage, kuma hunturu ne lokacin da masu gyara suka fi ganin irin wannan. Masu ƙahonin tagulla kuma numfashinsu ke zama ruwa a cikin bututu, in ba su juye shi ba sai a ji ƙaho yana kurkurar baki a daidai wurin da ya kamata ya yi daɗi. Masu goge su ma turakun ɗaurin tsirkiyarsu kan tsuke su kwance haka kawai.

Sai lokacin bita, wanda a nan ne na fi son mai karatu ya tsaya. Okestra cikakkiya mutum 70 ne zuwa 100: masu ƙananan goge kashi biyu, wajen 16 da 14, masu biyola 12, masu celo 10, masu babban gogen tsaye 8, sai masu busa bibbiyu ko uku-uku, ƙaho huɗu, begila, turombon, da mai tambura. Tsarin daren da aka saba shi ne a buɗe da gajeren kiɗa na wajen minti 10, sai konceto, wato kiɗan da baƙo ke yi da okestra, minti 30 zuwa 45, a huta minti 20, a rufe da simfoni, wato dogon kiɗa na okestra mai babi-babi. Duk wannan ana shirya shi ne a zama uku ko huɗu, kowanne awa biyu da rabi, kuma a manyan okestrori agogon nan yarjejeniyar ma'aikata ce, in lokaci ya cika an tashi ko da ana tsakiyar layi. Kason baƙo a ciki yawanci zama ɗaya ne, sai bitar ƙarshe da safiyar ranar. Wato kiɗan da ya yi shekaru yana goge shi, awa ɗaya da 'yan mintoci zai samu ya fahimtar da mutum 80 yadda yake jin sa.

Saboda haka ake yin wani ɗan zama kafin bita, shi da madugun makaɗa su biyu a ɗaki, da piyano da takardar kiɗa. Nan ake yanke saurin kowane babi, da wuraren da baƙo ke son ya ja numfashi, da wanda zai bi wani a kowace mahaɗa. In zaman nan bai yi ba, a gaban jama'a za a yi shi. A watan Afrilun 1962 a birnin Niyok na Amurka, madugu Leonard Bernstein ya juyo ya yi wa 'yan kallo jawabi kafin a fara konceto na farko na mawallafi Brahms, ya shaida musu cewa bai yarda da yadda baƙonsa Glenn Gould ke son a yi kiɗan ba, amma zai bi shi. Ba kasafai ake fitowa fili haka ba. An fi ganin abin a ɓoye: baƙo yana ja gaba, madugu yana ja baya, makaɗa suna raba ido. Wani abin da ke cin lokaci kuma ƙarami ne har ya ba da dariya. Kiɗa ɗaya yakan fito daga maɗaba'u daban-daban, wasu mawallafan ma sun yi wa nasu gyara fiye da sau ɗaya, kamar Tchaikovsky da Grieg. In takardar baƙo da ta makaɗa ba bugu ɗaya ba ne, madugu ya ce a koma alamar kaza, kowa ya nufi wani wuri, minti biyar sun tafi. Mai kula da takardun okestra shi ke tare wannan tun da makonni, shi ne kuma ke kwafa wa kowane mai goge alamun inda baka zai hau da inda zai sauka, don hannuwa su tafi tare.

Zaman dandamalin kansa yana da wuya. Bayan kiɗan buɗewa sai masu ƙananan goge su tashi, a turo piyano tsakiya, a danne birkin ƙafafunsa, a ɗaga murfin a tokare shi da doguwar sanda yana fuskantar jama'a. Murfin nan yana jefa sauti gaba, wanda ke nufin makaɗan da ke bayansa ba sa jin piyanon sosai, abin da ke iso musu ya riga ya bugi bangon zaure ya dawo. Sauti yana tafiyar mita 343 a daƙiƙa, mai tambura kuma yana iya zama mita 12 ko 15 daga piyano. Jinkirin bai kai ƙiftawar ido ba, amma a kiɗa mai sauri ya isa a ji an rabu. Don haka na baya ba kunnensu suke bi ba, sandar madugu suke kallo, shi kuma yana tsaye a bayan piyanon yana leƙen hannun baƙo ta gefen ido. Ƙari a kan haka, piyano da an taɓa shi sautin ya fito a take ya fara mutuwa, goge kuwa sai ya ɗan yi jinkiri kafin ya cika. In ana son su sauka tare a kan bugu ɗaya, sai mai piyano ya ɗan dakata wa okestra, ko madugu ya riga shi ɗaga hannu. Babin ƙarshe na konceton Schumann, wanda matarsa Clara ta fara kaɗawa a Dresden a Disambar 1845, yana da wani wuri da bugun ke ɓuya, kunne yana jin wani lissafi, takarda tana nuna wani, kuma ya sha kunyata madugai.

Zaure ma yakan canza hali tsakanin safe da dare. Da safe babu kowa, amo yana daɗewa yana yawo. Babban zauren Musikverein na Biyana, babban birnin Ostiriya, in ya cika, amo kan yi wajen daƙiƙa biyu kafin ya mutu, in babu kowa ya kusa uku. Jikin mutane da tufafinsu suna shanye sauti, balle a hunturu da kowa ya sha ulu, kuma wannan na cikin amfanin ɗakin ajiye riguna da ke bakin ƙofa. Mai piyano da ya auna fedarsa ta dama da zauren safe, wato wadda ke barin tsirkiyoyi su ci gaba da amo, da dare sai ya ji kiɗansa ya bushe, dole ya ƙara ƙafa nan take. A lokacin bita kuma mataimakin madugu yakan zauna can tsakiyar kujeru ya riƙa ɗaga hannu in okestra ta danne baƙo. A kiɗan Mozart maganin shi ne a rage masu goge kusan rabi. A na Rachmaninoff ko Tchaikovsky ba a ragewa, sai dai a roƙi masu tagulla su sassauta, su kuma ba su cika son jin haka ba.

Akwai wuri a konceto da okestra ke yin shiru gaba ɗaya a bar baƙo shi kaɗai na minti biyu zuwa biyar, ana ce masa kadenza. A zamanin Mozart nan take ake ƙirƙiro ta, yanzu yawanci rubutacciya ce. Haɗarin yana wajen fita: a tsofaffin kiɗa baƙo kan ƙare da karkaɗa yatsu biyu a kan maɓallai maƙwabta, madugu ya ɗaga sanda, mutum 80 su shigo a kan bugu guda. In baƙo ya zaɓi wata kadenza daban bai nuna wa madugu ƙarshenta ba, an shiga uku. Kuma duk wannan da ka yake yin sa, ba takarda a gabansa, al'adar da ta kafu tun zamanin Liszt da Clara Schumann. Ni dai ban ga laifin wanda ya ajiye takardarsa ba in hakan zai sa hankalinsa ya kwanta, amma jama'a sun saba, har wasu na ganin gazawa ce. An taɓa ɗaukar hoton Maria João Pires a Amsterdam lokacin da okestra ta fara wani konceton Mozart alhali ita wani daban ta shirya. Ana ganin fuskarta ta faɗi, madugu Riccardo Chailly yana kaɗa sanda yana ƙarfafa mata gwiwa, kafin gabatarwar okestra ta ƙare ta lalubo kiɗan daga ƙwaƙwalwarta ta shiga daidai.

Wanda ke son ya ga abin da sanyi da ƙarancin bita ke yi in sun haɗu, ya duba daren 22 ga Disamba, 1808, a gidan wasa na Theater an der Wien a Biyana. A daren ne Beethoven ya fara fito da simfoninsa na biyar da na shida, ya kuma kaɗa koncetonsa na huɗu da hannunsa. Da wuya a sami taron da aka tara sabbin manyan ayyuka haka a zama ɗaya. Amma zauren ya yi sanyi ƙwarai, taron ya ci awa huɗu, daga shida da rabi zuwa goma da rabi, makaɗan haɗe-haɗe ne kuma ba su sami isasshiyar bita ba. A kiɗan ƙarshe, wanda ya haɗa piyano da okestra da mawaƙa, abin ya watse har sai da aka tsaya aka sake farawa. Konceton nan na huɗu kuwa piyano ne ke buɗe shi shi kaɗai, a hankali, da yatsu takwas da dole su sauka tare cikin taushi ɗaya. Hannu mai sanyi ba ya iya wannan, shi ya sa masu piyano ke zama a bayan fage da safar hannu, Gould ma jiƙa hannuwansa yake cikin ruwan zafi kafin ya fito.

Hunturu kuma lokacin mura ne da rufe filayen jirgi. Ana ƙulla yarjejeniya da baƙo shekara ɗaya ko biyu kafin ranar, amma zazzaɓin kwana biyu ya isa ya rushe ta. Sai ofis ya shiga buga waya yana neman wanda ke da wannan konceton a yatsunsa yanzu-yanzu, domin canza kiɗa yana nufin sababbin takardu ga mutum 80 da bitar da babu lokacinta. Wasu sun yi suna ta wannan ƙofar. A ƙarshen Janairun 1963 André Watts, yana ɗan shekara 16, ya maye gurbin Gould da bai da lafiya a Niyok, ya kaɗa konceton Liszt na farko, daga nan duniya ta san shi. Murar ba ta tsaya kan baƙo ba, tana cikin 'yan kallo, kuma tari ya fi fitowa a daidai wurin da kiɗa ya yi ƙasa. Wasu zauruka har alewar tari suke ajiyewa a bakin ƙofa, wadda takardarta ba ta ƙara. Waya kuwa ta fi tari muni: a Janairun 2012 madugu Alan Gilbert ya tsayar da okestrar Niyok cak a ƙarshen simfoni na tara na Mahler saboda wata waya da ta ƙi yin shiru a layin gaba. Batun tafi tsakanin babi da babi, wanda ake harare-harare a kansa, bai kai waɗannan ba ko kusa. A zamanin Mozart da Beethoven ana tafawa, kuma babin farko na konceton Tchaikovsky yana ƙarewa ne da irin tsawar da ke neman tafi.

Roƙona ga jaridarmu, ranka ya daɗe, shi ne in za a sake kawo irin wannan labari, a faɗi sunan kiɗan da aka yi da mawallafinsa, a faɗi madugun, don sau da yawa sunan baƙo kaɗai ake gani. In wakili ya sami dama ya tambayi zama nawa baƙon ya yi da okestra, ko piyanon na zauren ne ko haya aka yi, da ranar da aka shigo da shi. In hoto ake so, a nemi izinin shiga bitar ƙarshe da safe, inda mai hoto zai iya matsawa kusa ba tare da ƙarar kyamara ko walƙiyarta ta dami kowa ba, kuma a nan ne zai sami mai saiti ya zaro injin piyanon ya ɗora a cinya yana aiki da allura. A kuma lura da wata: in labarin daga Ostireliya ko Ajantina ko Afirka ta Kudu ya fito, hunturunsu daga Yuni ne zuwa Agusta, kada a gyara wa wakili kwanan wata a ɗauka kuskure ya yi.

Na gode da filin da aka ba ni.

Naku,
Mai karatu